Tabarau Bakwai Domin Jatau Mai Fito

Godiya ta tabbata ga Wanda ya shimfiɗa ƙasa da faɗi, ya ratsa ta da koguna, ya kafa mata duwatsu, sa'an nan ya ba ɗan Adam ƙafa biyu kacal ya taka ta da su. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta. Bayan haka, ni ne Sallau ɗan Nomau, mutumin Mashigin Garanda, wanda ya yi shekara tara yana yawo a ƙasashen da ke bayan Tekun Gishiri, ya komo da furfura da faso da jaka guda. Kun ce in ba ku labari. Zan ba ku, amma ku yi mini haƙuri in na tsaya ina nishi, gwiwoyin nan ba su yafe mini ba har yau.

Mu biyu ne a wurin mahaifinmu. Yayana Jatau ya gaji fito, wato ƙetarar da mutane da kayansu a jirgi daga wannan gaɓa ta Kogin Garanda zuwa waccan. Ni kuwa hannuna ya tafi ga sassaƙa, ina yi wa masu ƙyuyar tona gurbi a ƙasa allon dara na itace. Wata damina, ranar kasuwar tsallake, kogi ya cika ya kawo, wani kututture ya biyo ta ƙarƙashin ruwa ya daki jirgin Yaya. Mutum goma sha ɗaya ke ciki. Ya fid da bakwai da hannunsa, huɗu suka tafi. Ba wanda ya ce laifinsa ne. Amma daga ranar ya jingine filafilin da yake tuƙi da shi a bayan ƙofa, ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ba kogi baya. Maganarsa ta koma daga "uhm" sai "to". Matarsa ta kawo tuwo, ta zo ta ɗauke tuwo. An yi rubutu ya sha, an yi hayaƙi, an yi addu'a, jirgi dai yana kife a kan yashi rana tana tsattsaga shi.

Wata biyar na yi ina zama kusa da shi, ba ni da wani buri a duniya sai in ga ya sake riƙe filafilin nan. Ana nan sai wani falke ya sauka a garinmu, yana shan fura yana ba da labarin wani dutse can gabas inda ake yin tabarau na magani. Ya ce in ka sa shi duniya tana nan yadda take, sai dai a ɗora maka wani hoto mai motsi a kanta, da haka ake zare wa mutum tsoro kamar yadda ake zare ƙaya. Na ce a raina, shi ke nan, tsoron ruwa ne ya kama Yaya, ga kuwa maganinsa. Bayan kwana uku na ɗaure kayan sassaƙata a kan jakina, na durƙusa a zaure na ce, "Yaya, zan tafi nemo maka magani."

Ya dube ni har na tsargu, sa'an nan ya ce, "Allah ya kiyaye hanya."

In gaya muku gaskiya, da na fita ƙofar gari sai na ji an sauke mini wani nauyi. Tafiya ta fi mini sauƙi a kan zama kusa da shirun nan, amma a lokacin ban yarda na faɗa wa kaina haka ba.

Ba zan gajiyar da ku da hanya kamar yadda ta gajiyar da ni ba. Na ratsa Dajin Ƙirya, na shiga jirgin 'yan gishiri ni da jakin, kwana arba'in ina amai yana kallona, muka sauka a ƙasar da rana ke fitowa koriya ta faɗi shuɗiya. A wata na takwas na iso Birnin Gurbi Dubu. Tun a ƙofa aka gaya mini cewa mutanen dutsen tabarau ba sa karɓar kowa sai mai zoben jan ƙarfe na wannan birni, zoben kuwa ba a ba da shi sai ga wanda ya ƙago wasa aka karɓa. Na sauke kaya.

A birnin nan babu bulala, babu tilawa, komai da wasa ake koyonsa. Ungozoma da wasa take koyon karɓar haihuwa, magini da wasa yake koyon jera azara, alƙali sai ya ci wasan shari'a sau ɗari kafin a shimfiɗa masa buzu. Sana'ar kuwa rassa gare ta. Akwai masu ƙaga wasa, akwai masu sassaƙa shi, akwai masu gwadawa, waɗanda ba su da aiki sai su yini suna wasa suna ƙorafi, a kan haka ake ciyar da su. Waɗanda aka fi shakka su ne masu duban fuska. Su zauna a gefe su tsura wa mai wasa ido, in ya yi hamma su ɗaga farin ƙyalle, in ransa ya ɓaci har ya tura allo su ɗaga ja.

Na shiga hannun wani dattijo, Maigida Cindo, mai yatsa shida a kowane hannu. Shekara biyu ina sassaƙa abin da wasu suka ƙaga, kullum yana ce mini, "Rage, Sallau, rage." A ta uku ya ce in ƙago nawa. Na ce yau za su san mutumin Garanda ya zo. Na yi wasan koyon fito, allo mai tsawon tabarma, da ƙa'ida arba'in: ga igiyar ruwa, ga iska, ga kututture, ga dutsen ɓoye, ga fasinja mai miƙewa tsaye. Duk abin da na sani game da kogin nan sai da na cusa. Masu gwadawa suka zauna da hantsi. Kafin azahar jan ƙyalle bakwai ya tashi, wani tsoho a cikinsu ya rantse shekararsa talatin yana gwaji bai taɓa jin yana son dukan maƙagi ba sai ranar.

Ashe dokar birnin ita ce, wanda wasansa ya sha ja bakwai, a kulle shi da wasan a wani ɗaki da suke kira ɗakin masu girman kai, ba ya fita sai ya ci abinsa da kansa, ba a kuwa yarda ya rage ƙa'ida ko ɗaya ba. A ɗakin da ke kusa da nawa akwai wani da gemunsa ya kai cibiya. Kwana sittin ina tura ɗan jirgin itace a kan allon nan, kwana sittin yana kifewa. Na ƙi jinin wasan, na ƙi jinin kunun da ake miƙo mini, na ƙi jinin kaina. Ran nan ina kwance ina kallon jakar kayan aikina sai na hango bakin zarto. Na kira mai gadi ta taga na ce, "Baba, doka ta hana rage ƙa'ida. Ta hana yanka allo?"

Ya sosa ƙeya, ya tafi ya tambayo, ya komo ya ce, "An duba, ba ta ambaci zarto ba."

Na yanka allon gida bakwai. Gida na farko gaɓa ce da ruwa iya gwiwa, ƙa'ida uku kaɗai ke aiki a cikinsa, na ci shi kafin kunu ya huce. Na biyu ya ɗauke ni yini. Haka na bi su, kowane gida yana koya wa hannuna abin da na gaba zai nema, har ranar tara na jera su wuri ɗaya na ƙetare tun daga farko har ƙarshe. Maigida Cindo ya zo ya ɗaga guntayen yana juyawa, ya ce, "Shekara biyu ina gaya maka, sai da kunu ya gaya maka ka ji. Da rarrafe yaro kan tashi." Ya sa mini zobe a yatsa. Na so in yi murna, amma barci na fi buƙata, na kwana biyu ina yinsa.

Daga nan na nufi gabas. Bayan wata uku na iso wani gari da ake kira Lulluɓe, wanda wasu korarrun 'yan koyon dutsen tabarau suka kafa. Ƙishirwa ce ta kai ni. Masu ƙofa suka tarbe ni da fara'a, suka ce al'adarsu ce baƙo ya sa tabarau, kafin in ce uffan sun ɗaura mini shi da tsirkiyar fata, sun ɗinke ta a ƙeya. Da na buɗe ido sai ga benaye na farin dutse, ga lambuna, ga mutane cikin alkyabba suna rusuna wa juna. Jakina ma ya zama ingarma fari. Aka kawo mini gasasshen rago. Da na kai baki sai na ji ɗanɗanon dusa, amma ido ya ce rago ne, na bi ido.

Ba zan yi muku ƙarya ba, wata huɗu na yi a garin nan ba wanda ya riƙe ni. Na gaji, wurin kuwa ba ya neman komai daga gare ka sai kallo. Abin da ya tashe ni, wata rana ina takawa a kan wata darduma mai laushi sai wani abu ya yanke mini tafin ƙafa. Na shafa, na ji fasasshiyar tukunya da jini, ido kuwa yana nuna mini furanni. Na shafa haƙarƙarina na ƙirga su ta cikin alkyabbar da babu ita. Na nemi ƙofar gari. Duk inda tabarau ya nuna ƙofa, in na jefa tsakuwa sai in ji ta faɗa rami, sauran wurare kuwa ganuwa ce har sama. Tsirkiya ba ta yankuwa a cikin gari, don a kowace kusurwa akwai mai tsaro da kulki.

Sai na tuna ba wanda ya ɗaura wa jaki tabarau. Na hana shi ruwa yini ɗaya da rabi, Allah ya yafe mini. Da rana ta take, masu tsaro suna gyangyaɗi, na kwance shi, na kama wutsiyarsa, na runtse ido. Ya ja ni ta kan juji, ta cikin ƙaya, ta wani wuri mai wari, har na ji iska ta canza, na ji ya tsoma baki a rafi. Na yanke tsirkiyar na waiga. Kangaye ne rusassu, ko ganuwa babu, ga mutane ƙasusuwa cikin tsumma suna rusuna wa juna. Na yi hawaye don tausayinsu, kuma don kada in ɓoye muku, na yi kewar ragon nan har kwana uku.

Daga nan na isa Dutsen Ƙarau, wato dutsen tabarau da falken nan ya faɗa. Dutse ne na gilashi tsantsa, in rana ta fito sai ka rufe fuska da hannun riga kafin ka hau. A kansa akwai gidajen jinya, da masu fasa gilashi, da masu goge shi, da masu zane da wata tawada mai motsi in numfashin mutum ya taɓa ta. Shugabarsu wata tsohuwa ce gajeriya, Iya Gwamma. Ta dubi zobena, ta dubi shatin tsirkiya a goshina, ta ce, "Ka biyo ta wurin 'yan lulluɓi. To mu nan ba ma rufe duniya, ɗan abu kaɗan muke ɗorawa a kanta, shi ma don mu cire shi wata rana."

Na ga abin mamaki a wurin nan. Na ga mutumin da ɓarin jikinsa ya shanye, an sa masa tabarau yana ganin 'yan tsaki suna yawo a kan tabarmarsa, an ce ya kama goma kafin la'asar, da haka mataccen hannun ya soma rarrafe. Na ga matar da ko sunan kunama aka kira sai ta suma, an fara ɗora mata guda ɗaya ƙanƙanuwa can a bakin ƙofa, bayan wata biyu tana kore babba da tsintsiya tana tsaki. Na ga sojan da aka yanke wa ƙafa tana masa ƙaiƙayi, an zana masa ita ya sosa ya samu barci. Duk wasa ne, gida-gida kamar allona, sai dai abin da ake ci a ƙarshe lafiya ce.

Shekara uku na yi ina gogar gilashi har yatsuna suka daina jin zafi da sanyi. Ƙa'idarsu ta farko kuwa ita ce zaman tambaya. Ba a taɓa gilashi saboda majinyaci sai mai zane ya zauna da shi kwana arba'in, yana tambayarsa yana saurare. Da lokaci ya yi na ce zan yi na yayana, sai Iya Gwamma ta ce, "Ina yake?"

Na ce, "Iya, tsakaninmu tafiyar shekara ce da ɗoriya."

"To ka je ka zauna da shi, ka komo."

"Iya, in je in komo in sake komawa? Ai sai dai a kai masa a kabari. Cikinmu ɗaya, tabarmarmu ɗaya, wata biyar ina gefensa bayan abin ya faru. Ruwa yake tsoro."

"Shi ya gaya maka?"

"Ai abin a fili yake."

Ta daɗe tana murza wani guntun gilashi a tafin hannu. Ta ce, "Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Amma gilashin ga shi nan, shekarun kuwa naka ne."

Na ɗauki wannan a matsayin izini. Wata takwas na yi ina aikin da ban taɓa yin irinsa ba. Tabarau bakwai: na farko yana ɗora ƙwarya da ruwa a tsakar ɗaki, na biyu kududdufi, na uku rafi, haka har na bakwai, Garanda a cike da kututturensa yana ratsa duk inda kake zaune. Masu zane suka riƙa zuwa suna sawa suna ɗage riguna. Iya Gwamma ba ta sa ba. Ranar da zan tafi ta ba ni guzurin dabino, ta ce in gaishe da majinyacin.

Komowa ta ci shekara da wata biyu. Jakina ya kwanta a Dajin Ƙirya bai tashi ba, na zauna a gefensa yini guda, sa'an nan na saɓa jakar da kaina. Da na shigo Mashigin Garanda ba wanda ya gane ni. Wasu baƙi ne ke fito, jirginmu kuwa saura haƙarƙarinsa a cikin yashi. Na yi sallama a zaure. Yana nan inda na bar shi, bayansa ga kogi, tabarmar ce kawai aka sake.

Ya ce, "Sallau ne?"

"Ni ne, Yaya."

"Ka tsufa."

"Kai ma ba a bar ka a baya ba."

Washegari da hantsi na buɗe jaka, na yi masa bayani, na sa masa na farko. Na koma gefe na tsura wa fuskarsa ido yadda aka koya mini. Ya ce, "Ƙwarya ce da ruwa," ya kai hannu zai ɗauka. Na sa masa na biyu, ya ce talibamban sun yi kyau. Na uku, ya yi hamma. Na kasa haƙuri. Na karya ƙa'ida na tsallake zuwa na bakwai, Garanda ya cika zauren har rufi. Ya daɗe yana kallo, numfashinsa bai canza ba. Can ya nuna wajen ƙofa da yatsa ya ce, "Ka yi kuskure a nan. A gindin dutsen ɓoye dama ruwa yake juyawa, ba hagu ba."

Na ce, "Yaya, ba ka ji tsoro ba?"

"Tsoron me?"

"Ruwa."

Ya cire tabarau a hankali, ya goge shi da bakin riga, ya miƙo mini. Ya ce, "Wa ya ce maka ruwa nake tsoro? Duk Juma'a ina zagayawa ta bayan gari in yi wanka a ƙasan mashigi, inda ba kowa."

Na zauna daɓas a ƙasa. Na ji gajiyar shekara tara ta sauko mini gaba ɗaya. Da ƙyar na ce, "To me ya zaunar da kai?"

"Sai yau ka tambaya." Ya gyara zama. "Ka san Inna Tasalla, mai suyar ƙosai a bakin mashigi. Biyu daga cikin huɗun nan nata ne, Ladidi da ƙaninta Mati. Ladidi ta kama rigata, rigar ta yage. Da na fito daga ruwa uwarsu tana tsaye a gaɓa. Da ta zage ni, da ta watsa mini mai, da na samu sauƙi. Sai ta dube ni ta ce, 'Sannu Jatau, ka sha wahala.' Kullum tana nan a bakin hanyar jirgi. Wannan sannun ce na kasa wucewa ta gabanta." Ya juyo ya dube ni. "Wata biyar kana zaune a nan, kullum ina cewa yau Sallau zai tambaye ni in amayar. Sai ka ce za ka nemo magani."

Ban yi kuka ba, ƙarfinsa ma babu. Kunya ce ta rufe ni, irin wadda ba ta barin mutum ya ɗaga kai. Na mai da tabarau jaka, na zauna da shi kwana arba'in, wannan karon da baki da kunne. Da suka cika na ce, "Yaya, daga ƙofar nan zuwa kaskon Inna Tasalla taku ɗari huɗu ne. Mu yanka shi gida bakwai."

Ya ce, "Abin da ka koyo ke nan?"

"Shi kaɗai ya rage mini."

Gida na farko dakalin ƙofar gida, fuska ga kogi. Na biyu rijiyar unguwa. Na uku rumfar maƙera, inda ake jiyo ƙanshin man suya, a nan ya yi kwana goma sha biyu, rana ta goma sha uku ya koma zaure ya kwanta, muka sake farawa daga dakali. Na gaji, na so in ja shi da ƙarfi, sai in tuna jan ƙyalle in haɗiye. Wata biyu da 'yan kwanaki, wata Talata da hantsi, muka tsaya a gaban kaskonta.

Ta tsufa ƙwarai, ta rankwafa. Yaya ya durƙusa ya ce, "Inna." Ta tsame ƙosan da ke cikin mai, ta zuba wani, sa'an nan ta ɗago.

Ta ce, "Jatau, ka daɗe."

"Inna, ki yafe mini."

"Me ka yi? Wanda ya ba ni su ne ya karɓa." Ta nuna kogi da matsami. "Kana tsammani ciniki ne ya dasa ni a nan? Ba a ga gawarsu ba. Ba su da kabari sai tsakiyar ruwan nan. Ina son in je daidai wurin in yi musu addu'a kafin in mutu. Na tambayi baƙin nan, kowa ya nuna mini wani wuri dabam. Kai kaɗai ka sani. Na aika sau uku, matarka ta ce ba ka da lafiya, na ce to in jira. Ga shi ko jirgi na gani ya matso kusa sai tsoro ya kama ni."

Da na ji haka sai zuciyata ta yi tsalle. Ga mai tsoron ruwa, ga tabarau bakwai a kafaɗata. Na kwance jaka ina bayani bakina har yana harɗewa. Ta saurare ni har ƙarshe, ta ce, "Ɗan nan, mai da abinka. Ruwan da ya ɗauke mini 'ya'ya da idona zan dube shi." Ta miƙo mini matsamin. "In kana son ka taimaka, juya mini wannan kada ya ƙone."

Ɗaya daga cikin baƙin ya ba da aron jirgi da filafili ba tare da an roƙe shi ba. Yaya ya ɗauki Inna Tasalla cak ya zaunar da ita a tsakiya, ta ƙanƙame gefen jirgi da hannu biyu. Na ga jirgin yana karkacewa a tuƙi na farko da na biyu. A na uku ya daina. Suka yi nisa har suka wuce dutsen ɓoye, sai ya karkata dama, ya kafa filafili ya tsai da jirgin cak a tsakiyar igiyar ruwa, abin da sai wanda ya gaji sana'ar yake iyawa. Na hango ta saki gefen jirgi, ta ɗaga tafuka biyu. Sun daɗe a haka.

Can sai wata mata da tulu da akuya a waccan gaɓa ta ɗaga murya tana kiran mai fito. Baƙin suka dubi juna, don jirginsu ne a tsakiyar kogi. Na ga Inna Tasalla ta shafa addu'a, ta ce masa wani abu. Sai muryar Yaya ta ratso ruwa, a dishe, ta ce, "Ga ni nan zuwa."

Ni kuwa Sallau, mai zoben Gurbi Dubu, mai shekara uku a kan Dutsen Ƙarau, ina tsugune a gaban kasko hayaƙi yana shiga mini ido. Na ji ƙauri, na duba, ƙosan ya ƙone ƙurmus. Na kwashe shi, na zuba wani ƙullun, na zauna ina jiran su komo.